Firji ya daina sanyi: Abubuwan da ya kamata ka sani

A Birnin Kudu da Gwaram, daga Maris zuwa Mayu, jarin gidaje da yawa yana cikin firji. Matar da ke ƙulla zoɓo da kunun aya, da mai ƙanƙara a tasha, da mai shagon lemo a Sara, duk da shi suke ci. Ranar da ya daina sanyi, maganar farko da ake ji ita ce "gas ya ƙare". Sau da yawa ba gas ba ne, kuma wannan gaggawar tana cinye kuɗin talaka a banza.

Fara duba wuta

An ƙera firjin gida ne don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240. Idan ta zo da rauni, fitilar ciki za ta kama, amma kwamfuresa, wato injin firjin, ya kasa tashi. Kasa kunne a bayan firjin: za ka ji gurnani, sai "ƙas", sai shiru, bayan 'yan mintoci ya sake. Cire shi daga soket nan take, domin ta haka ne kwamfuresa ke ƙonewa. Sitabilaiza mai jinkirta shigar wuta ya fi sabon kwamfuresa araha nesa ba kusa ba. Ƙaramin janareta ma yakan gaza, saboda lokacin tashi kwamfuresa yana jan wuta ninkin wadda yake ci in yana aiki. In an ɗauke wuta aka dawo da ita nan da nan, jira minti 5 kafin ka kunna.

In wutar lafiya lau take amma ƙarar ba ta daina ba, ƙila ƙaramin rilen da ke jikin kwamfuresa ne ya lalace, canza shi kuwa ba tsada.

Zafi da ƙura

Aikin firji kwashe zafin ciki ne ya fitar da shi ta baya ko ta gefe. In ƙurar hunturu ta lulluɓe bututun baya, ko an manna shi da bango a ɗakin kwano marar silin, zafin ba shi da wurin zuwa. Share ƙurar, ka bar tazara kamar faɗin tafin hannu.

Akwai abin da masu saye ba su cika dubawa ba. A takardar da ke manne a jikin firji akwai harafin da ke nuna zafin da zai iya ɗauka: N yana tsayawa a digiri 32, ST a 38, T kuwa har 43. A kudancin Jigawa zafin Afrilu yakan haura 40. Firjin hannu da aka shigo da shi daga Turai, in N ne, zai sha wahala a bazara ko ba abin da ya lalace a jikinsa. A ganina, mai saye a nan ya nemi T kawai.

Ƙofa da ƙanƙara

Sa takardar Naira a bakin ƙofa ka rufe. In ta zare ba tare da ta riƙe ba, robar ta saki, sanyi yana zurarewa. Kada kuma a jibga buhunan fiya wata da suka sha rana a lokaci ɗaya, a riƙa sawa kaɗan-kaɗan.

In ƙanƙara ta yi kauri, kashe firjin ta narke da kanta. Don Allah kar a sa wuƙa. Bututun gas yana nan ƙarƙashinta, huda ɗaya ta isa. A firjin da ba ya tara ƙanƙara, in sama na sanyi ƙasa ba ya yi, yawanci fanka ce ta tsaya ko ƙanƙara ta toshe hanyar iska. Kashe shi yini guda, ƙofa a buɗe, ka sake gwadawa.

Maganar gas

Gas ɗin firji a rufe yake, zagayawa yake yi, ba ya ƙarewa kamar na girki. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo. Alamarsa: kwamfuresa na aiki ba tsayawa, bututun baya ba ɗumi, ƙanƙara ta kama lungu ɗaya kawai. Mai gyaran da ya ɗura gas bai nemo hudar ya liƙe ba, zai sake karɓar kuɗinka ba da jimawa ba. A tabbata kuma an sa irin da aka rubuta a jikin injin, R134a ko R600a. Na biyun yana kama wuta, ba aikin ɗan koyo ba ne.

Abincin da ke ciki fa?

Ya kamata firji ya tsaya a digiri 4 ko ƙasa, firiza kuma 18 ƙasa da sifili. In wuta ta tafi ba a buɗe ƙofa ba, firji yana riƙe sanyi kamar awa 4, firiza cikakkiya har awa 48. Nama ko kifi ko nonon da ya narke ya yi ɗumi, a zubar da shi, kada a sayar wa mutane, kada kuma a ba yara.