Amsar Wasiƙunku: Seed, Feed, Weed Da Danginsu

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani manomi wanda kuma yake sarin hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano. Ya ce ya yi yaƙi da jahilci, yana karanta Hausar boko sarai, amma Turancin da ake bugawa a jikin buhu da kwalba yana rikita shi. Musamman wasu kalmomi uku, seed da feed da weed, waɗanda ya ce duk kamarsu ɗaya a idonsa.

To Malam, mun gode da wannan tambaya, kuma idonka bai yi ƙarya ba. Kowaccensu haruffa huɗu gare ta, ukun ƙarshe kuwa iri ɗaya ne, wato e da e da d. Harafin farko kaɗai ya raba su. Tun muna makarantar horon malamai aka nuna mana cewa kalma ta fi zama a kai in an koye ta tare da danginta, saboda haka bari mu jera su.

Da farko ka sani cewa "ee" na Turanci ba "e" ake karanta shi ba kamar a Hausa, "i" ne mai ja. Seed, ana cewa siid, shi ne irin shuka. Feed, fiid, abincin dabbobi ne ko na kaji. Weed, wiid, ciyawar da ke cin gona ce, wadda muke nomewa. Akwai ta huɗu, need, niid, wato bukata. Dabarar tunawa ba wuya: s ta shuka ce, w ta wahalar noma, n ta nema. Ita f sai ka haɗa ta da 'yar'uwarta food, fuud, abincin mutane. Su ma haruffa huɗu-huɗu ne, farkonsu da ƙarshensu ɗaya, wasulan tsakiya ne suka bambanta.

Kada wani ya ce wannan wasan yara ne. In ka ga an rubuta treated seed a buhu, ma'anarsa iri ne da aka cuɗa da magani don kada ƙwari ko cuta su ci shi a ƙasa. Sau da yawa a ƙarƙashinsa za ka ga not for food or feed, wato kada mutum ya ci, kada a ba dabba. Shi ya sa ake rina irin nan ja ko kore, don a gane shi.

Ga abin da ya faru a ƙasar Iraƙi. A ƙarshen 1971 gwamnatinsu ta shigo da irin alkama da na sha'ir daga Meziko da Amurka, wanda aka cuɗa da maganin da ke ɗauke da zaiba. Gargaɗin da ke jikin buhunan da Turanci da Sifaniyanci aka rubuta shi, manoman kuwa Larabci suke ji. Irin ya isa wurare da dama bayan lokacin shuka ya wuce, sai mutane suka wanke jan launin, suna zaton dafin ya fita tare da shi, suka niƙa suka yi gurasa. Wasu har sun fara gwadawa da kajinsu, suka ga shiru, ashe shi wannan dafi sai ya yi makonni kafin ya nuna kansa. A farkon 1972 aka kwantar da mutum 6,530 a asibiti, 459 daga cikinsu suka rasu, ban da waɗanda suka mutu a ƙauyuka ba a ƙidaya su ba. An daina cuɗa iri da zaiba, amma magungunan da suka maye gurbinta su ma ba na ci ba ne. Saboda haka ragowar irin da ka shuka, Malam, kada a kai shi inji, kada kuma ka zuba shi a kwanon awo.

Sai dogaye, na jikin kwalaben feshi. Akwai uku masu haruffa tara-tara: herbicide, pesticide, fungicide. Duk da cide suka ƙare, wanda asalinsa Latin ne, ma'anarsa kisa. Don haka ka rufe wannan wutsiya da yatsanka, ka dubi kan kalmar, shi zai gaya maka abin da maganin yake kashewa. Herb tsiro ne, wato maganin ciyawa ke nan, wasu kuma su rubuta weed killer. Fung na cutar fumfuna ne. Pest kuwa duk wani maɓarnacin gona. Insecticide, mai haruffa 11, na ƙwari ne. Wanda ya ɗauki maganin ciyawa ya fesa wa wakensa a zaton na ƙwari ne, to ya yi wa kansa girbi tun kafin kaka. In kana shakka, ka kai kwalbar wurin malamin gona kafin ka buɗe ta.

Tunda kai ɗan kasuwa ne, ga tsarabar wasu biyu masu haruffa uku-uku: own da owe. Own shi ne mallaka, abu naka ne. Owe kuwa ana bin ka bashi. N da e kaɗai suka raba mai kaya da wanda ake bi. In aka miƙo maka takarda ka sa hannu, ka ga I owe, dakata, ka nemi wanda ka amince da shi ya karanta maka ita daga sama har ƙasa.

Wata mai sana'ar ƙuli-ƙuli ta tambaye mu bambancin sell da sale da sold. Hajiya, taki amsar sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.