Jan tsatsa a faifan birki: wanne ne ba komai, wanne ne na kai mota gareji

Ruwan dare ɗaya ya isa. Mota ta kwana a ƙofar gida a Kademi cikin watan Agusta, da safe mai ita ya leƙa ta ramukan rim, sai ya ga faifan ƙarfen nan na bayan taya, wanda jiya yake ƙyalli, ya yi jawur. Wani nan take hankalinsa zai tashi, ya kama hanyar Gaya ko Wudil neman bakanike, wani ma har ya buga waya Kano yana tambayar kuɗin sabon faifai a kasuwar Ƙofar Ruwa. Alhali galibi babu abin da ya lalace.

Faifan birki, wanda makanikai ke kira diski, da ƙarfen zubi ake yin sa, mai ɗauke da sinadarin kabon wajen kashi 3 cikin 100. Ba da ka aka zaɓe shi ba. Aikin birki shi ne ya mayar da gudun mota zafi, shi kuwa wannan ƙarfe yana shanye zafi, ba ya saurin lanƙwasa, yana danne ƙara, ga shi da araha. Aibinsa guda ne: ba ya shiri da danshi. Sauran jikin mota fenti ya rufe shi, amma fuskar faifan ba ta fentuwa, domin fad ɗin birki yana gurzarta duk lokacin da aka taka. Kullum a tsirara take. Da ruwa da iska sun haɗu a kanta, cikin 'yan awoyi tsatsa ta fito. Ba sai ruwan sama ba: raɓar asuba tana yi, wankin mota ma yana yi, shi ya sa za ka ga mota ta fito daga wurin wanki fes, faifanta kuwa ja. Da hunturu da bazara ba a cika ganin haka a ƙasar Gaya da Ajingi ba, saboda iska a bushe take. Abin ya fi yawa da damina.

Manomi ya san wannan tun kafin ya san mota. Fartanyar da aka manta a gona ruwa ya doke ta, bakinta zai yi ja, amma kunya biyu ko uku ta noma sai ka ga ya koma fari. Haka faifan birki yake. Wannan tsatsa ta sama ba ta da kauri, in ka shafa da yatsa sai ta biyo ka. Maganinta tuƙi ne. Ka tashi motar, ka sami hanyar da babu yara babu dabbobi, ka tafi a hankali kana taka birki sannu sannu kana saki, kamar sau takwas ko goma. Takun farko za ka ji gurza, wani lokaci birkin ya cafke da ƙarfi fiye da yadda ka saba. Kada ka damu, amma ka bar tazara tsakaninka da abin da ke gabanka har sai ƙarar ta ɗauke. In ka sauka ka duba, hanyar da fad ke bi ta koma ƙyalli. Gefen faifan da cibiyarsa, inda fad ba ya taɓawa, za su ci gaba da zama ja har ƙarshen rayuwar motar, wannan kuma muni ne kawai.

Inda maganar ta fara nauyi shi ne doguwar ajiya. Tun da aka sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, motoci da yawa a garuruwanmu sun koma zaman gida. Maigida ya koma hawa babur, mota sai ranar biki, ko jinya, ko ta'aziyya mai nisa. Motar da ta yi wata biyu ko uku a gindin darbejiya cikin damina, tsatsarta ba ta tsayawa a sama, cin ƙarfen take yi tana barin ƙananan ramuka. Wurin da fad ya kwanta kuwa yakan riƙe danshi, sai ya bar shatinsa a jikin faifan. Ran da aka fito da motar, duk zagayen taya sai fad ya yi karo da wannan shati, direba ya ji feda tana bugun tafin ƙafarsa, ko sitiyari yana rawa in ya taka birki. Idan an ja hambirki aka bar shi tsawon lokacin, tayoyin baya na iya liƙewa gaba ɗaya, musamman a motocin da birkinsu na baya na ganga ne. Saboda haka in za ka ajiye mota da daɗewa a wuri mai shimfiɗe, ka sa ta a giya, ka tokare taya da dutse, ka bar hambirki ya huta. Mafi alheri kuma, ko sau ɗaya a mako ka zaga da ita, ko da iyakar bakin kasuwa ne ka dawo. Kunna inji a tsaye ba ya yi wa birki komai.

Abu biyu na wajenmu suna ƙara wa tsatsa ƙarfi. Na farko laka. Faifan gaba na yawancin motoci fuska biyu gare shi, da ramukan shan iska a tsakani. Hanyoyin burji na ƙauyuka da damina suna cusa taɓo cikin ramukan nan, ya riƙe ruwa, ya hana faifan hucewa. Na biyu takin zamani. Buhun yuriya ko NPK yana jan danshi, kuma taki yana cin ƙarfe, don haka ajiye mota a zaure ɗaya da buhunan taki, ko ɗauko su a but a bar burbushin, gayyatar tsatsa ce. A Turai da Kanada gishirin da suke watsawa a titi don narkar da ƙanƙara shi ke yin wannan ɓarna, shi ya sa wasu motocin Beljiyam ke zuwa mana ƙarƙashinsu a cinye.

To yaushe ne za a nufi gareji? Idan ka yi tafiya mai ɗan nisa, a ce daga Kademi zuwa Wudil, ka duba ka ga har yanzu akwai zoben tsatsa a hanyar fad, ko taya ɗaya faifanta ja ne sauran suna ƙyalli, to fad ɗin wannan ɓangaren ba ya kama faifan yadda ya kamata. Sau da yawa ƙarfen da ke matse fad ɗin ne ya cije, ko sandunan da yake zamewa a kansu suka bushe. Irin wannan mota takan fizgi gefe guda in an taka birki, ko ka ji rim ɗaya ya fi 'yan'uwansa zafi. Haka in tsatsar tana ɓarewa ɓawo ɓawo, ko farcenka yana maƙalewa a rami, ko ka ga tsaga. A nan kada ka yarda da duban waje kawai. Ka ce wa bakanike: “Malam, a cire tayar mu ga bayan faifan.” Fuskar ciki, wadda ba a gani ta rim, ita ta fi lalacewa. A jikin faifan masana'anta kan buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda a yi amfani da shi, da milimita. Idan za a kai wa mai injin sassaƙa ya share fuskar, a auna tukuna. In bayan sharewa zai gaza wannan lamba, sai dai sabo. Kuma ana canzawa ne biyu biyu, dama da hagu tare da sabon fad, in ba haka ba birkin ba zai kama daidai ba.

Akwai kuma taimakon da ya fi cutar illa. Yaron gida ko yaron mota ya ga ja a faifai, ya ce bari ya burge Alhaji, ya ɗauko baƙin mai ko giris ko man feshin nan na kwance noti ya shafa. Faifan zai yi kyau, tsatsa ta ɓace, birki kuma ya tafi tare da ita. Fad yana tsotse mai, kuma wanda ya sha mai ba wanki ba ne maganinsa, jefarwa ake yi a sayi wani. Wanda jan ya tsone wa ido har ya kasa haƙuri, ya cire taya ya goge da samfefa mai laushi, ya share ƙurar da tsumma mai tsabta wanda bai taɓa mai ba.