Yadda Haɗin Gwiwar Masu Bincike Ya Karya Lagon Sanƙarau

Sanƙarau cuta ce da ke kumbura tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya. Tana yin ƙamari a lokacin rani, a yankin da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, wanda ya ratsa arewacin Najeriya da Nijar da Cadi. Takan fara da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, sannan wuya ya sanƙare. Tana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka tsira sukan kurumce.

A annobar 1996 cutar ta kama mutane kimanin 250,000, ta hallaka wajen 25,000. Rigakafin da ake da shi a lokacin kariyarsa ba ta daɗewa, bai cika amfanar ƙananan yara ba, kuma galibi sai annoba ta ɓarke yake isowa.

A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa shirin samar da sabon rigakafi, da tallafin dala miliyan 70 daga Gidauniyar Bill da Melinda Gates. Kafin a shiga ɗakin gwaji, sai da aka tuntuɓi jami'an lafiya na Afirka. Suka nuna cewa muddin farashin allura ɗaya ya wuce rabin dala, ƙasashensu ba za su iya ci gaba da saye ba. Wannan sharaɗi ne ya tsara dukkan aikin.

Da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai aka raba ɗawainiyar. Masana a hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka suka ba da dabarar haɗa rigakafin. Wani kamfani a Amsterdam ya samar da sinadarin da ake cirowa daga jikin ƙwayar cutar. Kamfanin Serum Institute da ke Indiya ya ɗauki nauyin sarrafawa a kan farashin da aka gindaya. Gwaji a jikin mutane kuwa an fara shi a Indiya, aka ci gaba a Mali, Gambiya, Senegal da Ghana.

A Disamban 2010 aka fara allurar sabon rigakafin, MenAfriVac, a Burkina Faso, Mali da Nijar, ga masu shekara 1 zuwa 29. Najeriya ta bi sahu a 2011. Binciken da aka yi a Cadi ya nuna cutar ta ragu da kashi 94 cikin 100 a yankunan da aka yi allurar. An kuma tabbatar cewa rigakafin yana jure zafi har digiri 40 na tsawon kwana huɗu ba tare da ƙanƙara ba, abin da ya sauƙaƙa kai shi ƙauyukan da babu lantarki.

Nau'in A na ƙwayar cutar, wanda MenAfriVac ke kariya daga gare shi, ya kusa ɓacewa, amma nau'in C ya addabi Nijar a 2015, ya kuma addabi Zamfara da Sakkwato a 2017. Saboda ɗakunan gwaji na musayar bayanai, an gane sauyin. An kuma samar da rigakafin Men5CV mai kariya daga nau'i biyar. Najeriya ce ƙasa ta farko da ta yi amfani da shi, a 2024.

Bincike kan cututtuka masu yaɗuwa ya fi amfani idan waɗanda cutar ke addaba ne suka fayyace buƙata, sannan kowace cibiya ta kawo abin da ta ƙware a kai. Wajibi ne gwamnatocin yankin su riƙe ɗakunan gwajinsu da kuɗin kansu, iyaye kuma su kai 'ya'yansu rigakafi.