Ɗanyen taki wuta ne ga shuka

Kowace shekara, idan noman rani ya kama, muna ganin kuskure guda daga gulbin Maraɗi har fadamun Tawa. Mutum ya kwaso ɗanyen kashin awaki ko na kaji, ya zuba shi a gindin tumatir. Bayan ƴan kwanaki saiwa ta ƙone, ganye ya yi yaushi. Sai mai garka ya ce iri ne ba shi da kyau.

Iri ba shi da laifi. Ɗanyen taki zafi gare shi, na kaji kuwa ya fi kowane zafi. Yana ɗauke da ƴaƴan ciyawa. Yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa zawo, idan suka hau salatin da iyali za su ci ɗanye. Ko furen wardi, da ake dasawa a gidajen Yamai don ƙamshinsa, shuka ce mai yawan ci, amma takin da ya ruɓe take so.

Ga yadda za mu ruɓar da shi. Mu haƙa rami a inuwa, zurfinsa metir 1. Mu shimfiɗa karan hatsi da aka sassara. Mu zuba kashin dabbobi a kansa, mu barbaɗa toka kaɗan, mu yayyafa ruwa. Haka za mu yi ta jerawa har ramin ya cika, sa'an nan mu rufe da tsohon zana. Wanda ya samu garin fosfat na Tawa ya haɗa da shi, domin ƙasarmu ta jigawa tana da ƙarancinsa. Leda da kwalba da tsohon batir kada su shiga.

Bayan mako guda mu soka sanda a tsakiya. Idan ta fito da zafi, aiki yana tafiya, zafin nan ne ke kashe cuta da ciyawa. Idan ta fito da sanyi kuma a bushe, ruwa ya yi kaɗan. Mu riƙa juya shi kowane kwana 15. A nan ne mutane da yawa ke gajiya.

Cikin wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, ya yi laushi, warinsa ya tafi. Mu cuɗa shi da ƙasar fangali kafin dashe. Ga wardi da itatuwa, mu zuba shi kewaye da gindi, kada ya taɓa jikin icen, mu bi shi da ruwa.