Kifin Ƙarya Mai Kama Kifin Gaske

Duk wanda ya taɓa jefa fatsa a gulbi ya san ba a jefa ƙugiya tsirara. Sai an soka mata tana, ko fara, ko ɗan ƙaramin kifi, sa'an nan tarwaɗa ta zo ta haɗiya. To, akwai waɗansu masunta a wata ƙasa mai nisa da ke kama kifin da ya kai bijimin sa nauyi, amma ba su sa wa ƙugiyarsu abinci ko kaɗan. Wani abu suke ƙerawa da hannu, su ɗaura, su ja shi a bayan jirgi. Turawa suna da sunansa, mu kuwa a nan za mu kira shi kifin ƙarya.

Sunan ƙasar Hawayi. Tsibirai ne a tsakiyar Tekun Fasifik, nisansu da gaɓar Amurka ya fi mil 2,000, kuma tun 1959 suna cikin jihohin Amurka. A yammacin babban tsibirin akwai wata gaɓa da ake kira Kona. Manyan duwatsu sun tare mata iska, don haka ruwanta a kwance yake yawancin kwanaki. Ga shi kuma da zurfi ƙwarai tun daga kusa da tudu. Saboda haka manyan kifayen teku suna matsowa har inda ƙaramin jirgi zai iske su da safe, ya komo gida da yamma.

Sarkin waɗannan kifaye shi ne malin. Yana da dogon baki mai tsini kamar mashi, ga gudu, ga tsalle. Matan su ne manya, mazan ba su kai su ba ko kusa. Abincinsa ƙananan kifaye ne, musamman wani irin tuna da mutanen Hawayi ke kira aku.

Dabarar kifin ƙarya ba baƙuwa ba ce a tsibiran nan. Tun kafin Turawa su zo, kakannin mutanen Hawayi da 'yan'uwansu na sauran tsibirai suna kama aku da ita. Kun san makankari, ɓawon nan da ake tsinta a bakin kogi, mai sheƙi ta ciki. A teku akwai babbansa, wanda ake samun lu'ulu'u a ciki. Shi suke yankewa su fitar da ɗan tsinke kamar tsawon yatsa, su goge shi da dutse. A gindinsa su ɗaure ƙugiyar ƙashi, ko ta ƙwaryar kunkurun teku, su sa masa 'yar wutsiya ta gashin alade. Sunansa pa. Masunci yakan ɗaura shi a doguwar gora, masu tuƙi su kutsa da kwalekwale cikin garken aku, shi kuma pa yana tsalle a kan ruwa yana walƙiya. Ƙugiyar ba ta da ƙayar nan da ke hana kifi kuɓucewa. Da gangan aka bar ta haka, domin da an fizgo kifi cikin kwalekwale ya zube da kansa, a sake jefawa kafin garke ya watse. Gwanin masunci ba ya fita da pa guda. Yana da mai fari, da mai ja-ja, da mai duhu, domin hasken safe dabam ne da na tsakar rana, kuma abin da aku ya bi da hantsi ba lalle ya kula shi da azahar ba.

Pa na kifi matsakaici ne. Malin kuwa, da jiragen inji suka zo, da kifin gaske ake nemansa. A kama aku, a ɗinke shi a ƙugiya, a ja shi a hankali. Wahalar wannan a fili take. Dole a fara neman aku tukuna, ran da babu shi an yi asarar yini. Mataccen kifi kuma ba ya jure gudu, in aka matsa wa inji sai ya riƙa juyawa ya yayyage. Jirgin da ke tafiya a hankali kuwa ba ya kewaya wuri mai yawa.

Sai masu jiragen Kona suka shiga gwaje-gwaje da tarkacen da ke hannunsu: guntun itace, guntun bututu, tsohuwar roba. A 1954 wani mai jirgi, George Parker, ya kama malin mai laba 1,002 kusa da tsibirin Oahu. Watau kilo 454 ke nan, buhun gero huɗu da rabi in kowane buhu kilo 100 ne. Abin da kifin ya haɗiya guntun bututun ƙarfe ne mai sheƙi, irin wanda ake rataya tawul a makewayi, an cusa masa itace a ciki, an ɗaura masa geza. Labari ya bazu, masu dariya suka daina.

Amma wanda aka fi ambata a wannan sana'a shi ne Henry Chee, wani mai jirgi a Kona. A shekarun 1950 wani ruwan roba ya shigo hannun masu gyaran jirage, ana ce masa rezin. Kaurinsa kamar zuma, in aka ɗiga masa maganinsa sai ya daskare ya yi tauri, ana ganin ciki kamar gilas. Masuntan Kona suna ba da labari cewa tambulan na shan ruwa Chee ya mayar mazubi. Ya jera ɓawon lu'ulu'u a ciki, ya zuba rezin, da ya daskare ya fitar, ya yanke fuskarsa a karkace. Ku lura, ɓawon da kakanni suka yi pa da shi, shi ne ya komo cikin sabon abu. Irin wannan kai shi ake kira kan Kona har yau, ko a wace ƙasa aka yi shi.

Ga yadda maƙerin ke aiki. Da fari sai ya shirya cikin. Ya ɗauki siririn bututun tagulla, wanda igiya za ta bi ta ciki. Ya manna masa dalma a gefen da zai zama ciki, domin nauyin ya hana kan kifewa. Ya lulluɓe da ɓawo mai sheƙi, ya sa idanu biyu. A farkon zamani idanun 'yartsana ake cirowa. Sa'an nan ya tsayar da wannan a tsakiyar mazubi, ya dama rezin da maganinsa. Nan ne ake gane gwani. In magani ya yi yawa, rezin ya yi zafi ya tsage. In ya yi kaɗan, ya ƙi bushewa ya yi ta danƙo. In aka yi garajen zubawa, iska ta maƙale a ciki. Bayan ya daskare a fitar da shi, a gyara shi da magagari ko a kan inji mai juyawa, a bi shi da takardar yashi, daga mai kaushi zuwa mai laushi, ana yi ana jiƙawa, har ya yi sumul. Daga ƙarshe a ɗaura geza a bayansa, wadda ke ɓoye ƙugiya. Dā robar cikin tayar mota ake tsagawa siri-siri. Yanzu ana sayar da geza launi-launi.

To, in kun riƙe shi a hannu za ku ce wannan ai bai yi kama da kifi ba. Gaskiyarku. Ba shi da ƙaya, ba shi da wutsiyar kifi, ba shi da ƙarni. Asirin yana ga fuskar nan da aka yanke. Jirgi yana tafiya kamar mil 8 ko 9 a sa'a, ruwa yana bugun fuskar. Da yake a karkace take, sai kan ya taso sama ya kamfaci iska, ya nutse, ya ja doguwar kumfa a bayansa kamar hayaƙi, yana karkaɗa hagu da dama. Kumfar na ƙarewa ya sake tasowa. Malin yana can ƙasa yana kallon sama. Abin da yake gani wani abu ne mai gudu, mai fantsama ruwa, kamar kifin da tsoro ya kama. Ba shi da lokacin dubawa, sai ya kai sara.

Saboda haka kowane yanka da irin tafiyarsa. Fuskar da aka karkata sosai tana sa kai ya yi ta kai-komo da fantsama, ta dace da kwantaccen ruwa irin na Kona. Wadda aka yanke a miƙe, ko aka ɗan rarake ta kamar ludayi, tafiyarta a miƙe take, ba ta damu da igiyar ruwa ba. Mai tsini kamar harsashi ba ya tasowa sosai, ana sa shi can nesa da jirgi, tuna na sonsa. Bambancin da bai kai kaurin ƙumba ba yana iya sa kai biyu daga mazubi ɗaya su yi tafiya dabam. Wannan ya sa maƙeran kirki yawancinsu masunta ne. Sai mutum ya yini a bayan jirgi yana kallon abin da ya ƙera, ya komo gida ya ƙara goge fuskar kaɗan, gobe ya sake gwadawa. A ganinmu launi na jan hankalin mai saye ne fiye da na kifi, ko da yake masunta suna gardama a kan wannan har gobe.

Da aka fara gasar kamun malin ta ƙasashe a Kona a 1959, baƙi suka riƙa zuwa kowace shekara, suna komawa gida da kan Kona a jaka. Haka sana'ar ta kai Ostareliya da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu, har da tsibiran Kef Bad da ke yammacin Senegal, gama akwai malin a tekun da ke gabanmu ma. A 1982 aka kama mai laba 1,376 a Kona. Yau masana'antu suna buga dubbai a inji, da araha, amma masu jiragen da suka san aiki suna neman na hannu, suna kiran kowane da sunan maƙerinsa, kamar yadda manomi ke cewa garmar wane ce wannan. Ƙwaryar kunkurun teku kuwa doka ta hana taɓa ta yanzu, domin kunkurun ya yi ƙaranci. Shi kansa malin ba kullum ake kashe shi ba. A wurare da yawa in an jawo shi gefen jirgi sai a soka masa 'yar lamba a baya, a cire ƙugiya, a sake shi, domin in wani ya kama shi wata rana a san nisan da ya yi.