Gyaran gida: a yi shiri tun rani, kada a jira malka

 A wannan karo za mu yi magana a kan gyaran gida. Wani zai ce wannan magana ta magina ce. Amma duk wanda ya kwana cikin ɗaki mai yoyo ya san magana ce ta lafiya, kuma magana ce ta dukiya.

Ba mu manta da daminar shekarar 2024 ba. A wannan shekara ambaliya ta kashe mutane fiye da 300 a Nijar, kuma ta shafi mutane fiye da miliyan 1. Jihar Maraɗi tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ranar 30 ga Agusta, ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sauka a birnin Maraɗi, mutum 15 suka rasu. Ranar 3 ga Satumba, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe, bayan ya yi wajen shekara 200 a tsaye. Da yawa daga cikin waɗanda suka rasu, ɗakunansu ne suka faɗa musu. Allah ya jiƙansu. Mu da muka rage, wajibi ne mu ɗauki darasi.

Ku fara da zagaya gida

Da an gama girbi, maigida ya ɗauki kaye da alƙalami, ya zagaya gidansa. Ya tafi tare da uwargida, domin ita ta fi sanin inda ruwa yake ɗiga da inda hayaƙi yake taruwa. A duba abubuwa huɗu.

Na farko, gindin bango. In ƙasa ta zaizaye a nan, bangon ya rasa ƙafa. A lura da bangon gabas sosai, domin a ƙasarmu hadari daga gabas ya fi tasowa, shi ne yake dukan wannan bango.

Na biyu, tsagewa. Ƙaramar tsaga ta yaɓe ba abin tsoro ba ce. Amma tsaga mai faɗi wadda ta taso daga ƙasa zuwa sama, ko wadda ta raba kusurwa biyu, alama ce ta haɗari. A liƙe ta da laka kaɗan, a dawo bayan wata ɗaya. In ta sake buɗewa, bangon yana motsi, sai an rushe wannan wuri an sāke shi.

Na uku, itacen rufi. A ƙwanƙwasa kowane ɗaya da sanda. Wanda ya yi ƙara kamar ganga, gara ta cinye cikinsa.

Na huɗu, hanyar ruwa. A tuna inda ruwa ya kwanta a tsakar gida da damina, da inda indararo ya toshe.

A rubuta duk abin da aka gani. Sa'an nan a jera ayyukan. Abin da zai iya kashe mutum shi ne na ɗaya: rufi da bangon ɗakin kwana. Abin da zai ɓata abinci shi ne na biyu: rumbu da ɗakin ajiya. Salga da madafa su biyo baya. Fenti da adon zaure su ne na ƙarshe. A yawon da muke yi na duba cibiyoyin karatun manya, mun sha ganin gidan da aka yi wa ƙofar ƙarfe mai kyau, alhali ɗakin yara yana shirin faɗuwa.

Lissafi kafin aiki

Ga inda karatunmu zai yi mana rana. Bari mu ba da misali. A ce za a sāke bango mai tsawon mita 4 da tsayin mita 3. Mita 4 sau 3 ya ba da 12. A ce birginmu yana da tsawon santimita 40, faɗi 20, kauri 10. In an jera shi a tsawonsa, tare da lakar da ke tsakani, kowace mita ɗaya ta tsawo da mita ɗaya ta tsayi za ta ci birgi wajen 20. To, 12 sau 20 ya ba da 240. A ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda wanda zai fashe, wato 24. Jimla 264. In ana son bango mai kauri biyu, a ninka wannan adadi.

Haka za a yi wa sauran kaya: itace, tabarmar kaba, leda, ƙusa, ƙofa, taga. Kada a manta da abubuwa uku da mutane suka saba mantawa: kuɗin ruwa, kuɗin amalanke, da abincin ma'aikata. A je kasuwa a tambayi farashi wurin mutum biyu ko uku, a rubuta. In jimla ta fito, a kan kowace jika 10 a ƙara jika 1 ta ko-ta-kwana.

In kuɗin bai kai ba, a raba aikin shekara biyu. Bana rufi, baɗi yaɓe da taga. Babban kuskure shi ne a yaye rufin ɗaki ba tare da an tanadi na sabo ba. Ruwan farko zai tarar da bango a buɗe.

Ina kuɗin zai fito?

Gargaɗinmu ɗaya ne: kada a taɓa hatsin ci. Da kaka tiyar hatsi tana da araha, da damina kuwa tana tsada. Wanda ya sayar da hatsinsa da kaka don ya sayi tol, zai sake sayen hatsin nan da tsada a lokacin noma, ko ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago. A fara auna abincin iyali har zuwa kaka mai zuwa, a rufe rumbu. Kuɗin gini ya fito daga wake, gujiya, riɗi, ko ragon da aka turka, ko abin da ɗa ya aiko daga cin rani.

Mata kuma suna da tasu hanya. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka. Mace tana zubi kowane mako, tana iya ɗaukar rance kaɗan. Amma a tuna, rancen gini ba kamar rancen sana'a ba ne. Ɗaki ba ya kawo riba. Kada a ɗauki abin da ba a san hanyar biyansa ba.

Kowane aiki da lokacinsa

Daga Oktoba zuwa Disamba, a buga birgi. A lokacin tafkuna suna da sauran ruwa, kuma samari ba su gama tafiya cin rani ba. Wanda ya jira bazara zai sayi ruwa jarka-jarka, ko ya yi ta rigima da masu shayar da dabbobi a bakin rijiya.

Daga Disamba zuwa Fabrairu, a yi gini. Da ɗari aiki ba ya gajiyar da mutum kamar da bazara.

Daga Maris zuwa Afrilu, a yi rufi da yaɓe. Kafin ƙarshen Mayu komai ya ƙare. Da ruwan shuka ya sauka, ba za a sake samun kowa ba, duk an tafi gona.

Kayan aiki

Ƙasarmu ta Mayahi da Tasawa yawancinta jigawa ce. Rairayi zalla ba ya yin birgi, laka zalla kuma tsagewa take yi. Sai an haɗa su, an zuba ƙaiƙayi ko yankakkiyar ciyawa, an cuɗa sosai, an bar ta ta kwana. A buga birgi kaɗan na gwaji tukuna. In ya bushe, a ɗaga shi daidai ƙugu a sake shi. In ya rugurguje, a sāke haɗin. Kada a yi gini da ɗanyen birgi.

Game da itace, Gulbin Kaba ya yi suna saboda goriba. Kaba tana ba mu tabarma da igiya, matanmu suna samun kuɗi da ita. Goriba da gawo suna cikin itatuwan da doka ta kare. Kafin a sare irinsu, a nemi izinin ma'aikatan gandun daji. Hanya mafi kyau ita ce mutum ya reni itacensa a gonarsa. Sassaben zamani, wato barin tohon kututture ana gyara shi har ya zama itace, ya fara yaɗuwa daga jihar Maraɗi tun shekarar 1983. A shekarar 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya rena ta wannan hanya. Wanda ya shuka bedi a gidansa kuma, yana da sandunan rufi nan da ƴan shekaru.

Akwai ma ginin da ba ya bukatar itace. Ana rufa shi da birgi kawai, a yi masa baka ko tulluwa. Ƙungiyar Development Workshop ce ta fara koyar da shi a Nijar a shekarar 1980, a garin Cikal na ƙasar Filinge. Gini ne mai sanyi, gara ba ta da abin ci a cikinsa. Amma sai maginin da ya sami horo ne zai yi shi. Kada wani ya gwada da ka.

Siminti kuma, muna da na Malbaza a jihar Tawa. Buhu ɗaya kilo 50 ne, buhu 20 su ne tan ɗaya. A saye shi dab da aiki, a ɗora shi a kan katako, domin danshi yana daskarar da shi. Bayan an yi aiki da shi, a riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 7. A sani kuma, siminti ba ya kama bangon laka da kyau. In an shafa shi haka kawai, zai tsage, ruwa ya shiga bayansa ya ci bangon a ɓoye. In dole ne, a kafa ragar waya da ƙusa kafin a shafa.

Kai da ƙafa

Ɗakin laka yana tsoron ruwa ta wuri biyu: ta sama da ta ƙasa.

Ta sama, mutane sun saba ƙara laka a kan rufi kowace shekara ba tare da sun kwashe tsohuwa ba. Nauyi yana ƙaruwa, itace yana tsufa. Ran da laka ta sha ruwan malka, nauyinta ya ƙaru, rufin ya rufta da dare. A kankare tsohuwa kafin a sa sabuwa. A yi wa rufin gangare zuwa indararo. Indararo ya zama dogo, ya zubar da ruwa nesa da bango. Mai rufin tol ya ɗaure katakonsa da ƙarfe ko waya mai ƙarfi a cikin bango, saboda iskar farkon damina.

Ta ƙasa, a haƙa tushe har a kai ƙasa mai tauri, kada ya kasa kamu ɗaya. A yi wa gindin bango dakali mai gangare. Daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu, tsakar gida kuma ta fi hanya tudu. Kafin a juya ruwan gida, a yi shawara da maƙwabci. Ruwan da ka kora daga bangonka kada ya tafi ya kwanta a gindin nasa. In za a matsa katanga, a kira mai gari ko mai unguwa ya ga iyaka.

Yarjejeniya da magini

A nemi maginin da aka ga aikinsa, a tambayi waɗanda ya yi wa gini. A yi ciniki a gaban shaidu biyu, a rubuta a takarda: aikin da za a yi, kuɗinsa, ranar farawa, ranar gamawa, da wanda zai kawo ruwa da abinci. A raba biya kashi uku: kafin a fara, in bango ya kai, da bayan an gama an duba. Kada a biya duka a farko. Amma in magini ya cika alkawari, a biya shi nan take, haƙƙinsa ne. Ranar ɗora rufi a kira gayya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gyara saboda lafiya

Tun da an taɓa ɗakin, a gyara abin da yake kawo cuta. A fitar da taga biyu masu fuskantar juna, iska ta riƙa ratsawa, a sa musu raga. A toshe ramin da ke tsakanin bango da rufi, ta nan sauro ya fi shiga. A kafa ƙusoshin rataya gidan sauro. A yaɓe tsagogi, domin su ne maɓoyar kunama da kuɗin cizo. Madafa ta sami mafitar hayaƙi, saboda hayaƙi yana ɓata ƙirjin mata da jarirai. Salga ta yi nisan mita 30 ko fiye daga rijiya, a yi mata murfi. Turken dabbobi ya nisanci ɗakin kwana.

Ramin da aka ɗebi laka kuma, a cike shi. In an bar shi, zai zama kududdufi. Sauro zai haihu a ciki, yaro kuma yana iya faɗawa. A lokacin aiki, a hana yara wasa a gindin bangon da ake rushewa.

Daga ƙarshe, in damina ta riske ku ba ku yi gyara ba, kuma ɗaki ya jiƙe ya tsage, kada a kwana a cikinsa. A kwashe iyali zuwa wurin dangi ko maƙwabta har ruwa ya ɗauke. Ana sāke ɗaki, ba a sāke rai.

Muna roƙon malaman cibiyoyi su karanta wannan shafi tare da ɗalibansu. Kowane ɗalibi ya auna bango ɗaya na gidansa, ya lissafa birginsa, ya kawo a duba a aji. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da iyalanmu. Amin.