Iyalai Marasa Matsuguni a Amurka da Wuraren Ibadar da Ke Saukar da Su

A ƙarshen watan Janairu, hukumomi da 'yan sa kai kan fita a garuruwan Amurka su ƙidaya mutanen da ba su da gidan kwana a dare guda. Ƙidayar 2024, wadda ma'aikatar gidaje da raya birane ta fitar, ta samu mutum 771,480. Kusan kashi ɗaya cikin uku, wato dubu 259 da ɗoriya, suna cikin iyalai masu yara ne, kuma yaran kaɗai sun kusa dubu 150. Ba a sa waɗanda suka raɓe a gidajen dangi cikin wannan lissafi ba. Makarantun gwamnati, da suke haɗawa da irin waɗannan, suna samun ɗalibai sama da miliyan ɗaya a shekara da ba su da tsayayyen muhalli.

Tushen matsalar tsadar haya ne. Mafi ƙarancin albashi na tarayya yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009, alhali kuɗin haya kullum hawa yake yi. Tallafin haya na gwamnati kuwa, kusan gida ɗaya cikin huɗu da suka cancanta ne ke samunsa. Saboda haka magidanci yana iya fita aiki kullum amma bai da ajiyar ko sisi. Da zarar ciwo ya kwantar da shi, ko mota ta lalace, ko aka rage ma'aikata, sai haya ta taru, mai gida ya kai ƙara. Mata da yawa kuma da 'ya'yansu suke gudowa daga miji mai duka. Wanda kotu ta fitar daga gida, sunansa yana shiga kundi, kuma masu gidajen haya kan duba kafin su karɓi sabon ɗan haya. Mai karatu zai ce, ina dangi? Suna taimakawa, sai dai su ma galibi 'yan haya ne, kuma yarjejeniyarsu ta kan ƙayyade yawan masu kwana a gidan. Wanda ya ajiye ƙanwarsa da 'ya'yanta uku na tsawon watanni, shi ma yana iya rasa nasa ɗakin.

Gidajen kwana na marasa galihu ba su cika dacewa da iyali ba. Da yawansu an raba su ne, maza daban, mata daban. Wasu ba sa karɓar yaro namiji da ya fara tasawa a sashen mahaifiyarsa. Uwa da ta ji haka sau da yawa gara ta kwana da 'ya'yanta a cikin mota, ko da sanyi ake zubawa, da a raba ta da ɗanta.

Wannan giɓi ne wata mata mai suna Karen Olson ta yi ƙoƙarin cikewa. Ma'aikaciyar tallata kaya ce a wani kamfani, ta fara da kai abinci ga masu kwana a titunan New York tare da 'ya'yanta maza biyu, sannan ta gano cewa a gundumarta ta Union, a jihar New Jersey, akwai iyalai masu yawa a cikin wannan hali. Da farko an nemi gini guda da za a mayar masauki, tsada da ƙa'idojin hukuma suka hana. Sai aka lura cewa majami'u da wuraren ibadar Yahudawa suna da ɗakunan karatu da kicin da ke zaune a rufe yawancin mako. A watan Oktoban 1986 wuraren ibada goma sha ɗaya suka fara karɓar iyalai bi da bi. A 1988 aikin ya zama ƙungiya ta ƙasa, a 2003 kuma ta koma amsa sunan Family Promise. Yanzu tana da rassa kusan 200 a jihohi sama da 40, kuma a wasu garuruwan masallatai ma suna cikin tsarin.

Tsarin karɓa-karɓa ne, kamar adashi: kowane wurin ibada yana ɗaukar mako guda, sau huɗu ko biyar a shekara, don haka nauyin bai danne kowa ba. Ba a cika wuce baƙi goma sha huɗu a lokaci ɗaya ba, wato iyalai uku zuwa biyar. Da yamma motar ƙungiya kan kawo su. An riga an ture kujerun ajin yara gefe, an shimfiɗa gadaje masu naɗewa, kowane iyali da ɗakinsa da ƙofar da zai iya rufewa. Wasu 'yan sa kai sun dafo abinci daga gida, a zauna a ci tare, wasu su taya yara aikin makaranta, biyu kuma su kwana a wurin. Da sassafe mota ta mayar da su cibiyar yini, inda akwai banɗaki, injin wanki, kwamfuta da adireshin da mutum zai rubuta a takardar neman aiki. A nan ma'aikacin jin daɗin jama'a ke zama da iyaye kan batun bashi, aiki da neman gida. Ran Lahadi a loda gadajen a kai wurin ibada na gaba. Doka ce cewa ba a yi wa baƙi wa'azi, ba a kuma tambayar addininsu kafin a sauke su. Wannan sharaɗi ne ya sa mabiya addinai dabam-dabam suka iya haɗa hannu shekara da shekaru, kuma shi ya kare mutuncin wanda buƙata ta kawo.

Tsarin yana da iyaka. Ƙaura kowane mako tana wahalar da ƙananan yara, guraben kuma kaɗan ne idan aka dubi yawan mabukata. Annobar korona ta 2020 ta dakatar da karɓa-karɓar a wurare da dama, rassa da yawa suka koma ajiye iyalai a gini guda ko a otal, wasunsu ba su sake komawa tsohon tsari ba. Wani bincike da ma'aikatar gidaje ta yi kan iyalai sama da 2,200 a yankuna 12 ya nuna cewa tallafin haya mai ɗorewa ya fi sauran hanyoyin da aka gwada hana iyali komawa gidan jiya. Gaskiyar magana, gadon mako guda ba ya sauke kuɗin haya. Shi ya sa rassa da yawa suka ƙara ƙarfi wajen rigakafi: a biya wa iyali bashin haya na wata ɗaya ko biyu, a sasanta su da mai gida tun kafin a je kotu.

Wasu wuraren ibadar sun wuce nan, sun fara duba filayen da suka mallaka. A 2023 jihar Kalifoniya ta kafa dokar da ta sauƙaƙa wa cibiyoyin addini da kwalejoji masu zaman kansu gina gidaje masu rahusa a kan filayensu, ba tare da bin doguwar hanyar neman sauya tsarin unguwa ba, matuƙar gidajen na masu ƙaramin ƙarfi ne.